Hannun masai ya ƙi kora ruwa bayan an sauya kayan tanki: Ina matsalar take, kuma yaya ake gyara ta?

A gidajen da ke da masai na ruwa a Salaga da Yendi da Bawku, a arewacin Ghana, akwai wani ƙorafi da masu gyaran famfo suka saba ji: an sayo sababbin kayan cikin tanki, an ɗaura, amma hannun da ake dannawa ya ƙi aiki. Wani hannun lilo kawai yake yi, wani sai an buga shi sau uku ko huɗu, wani kuma ya maƙale a ƙasa ruwa ya yi ta zuba dare da rana.

Abin da mai gida ya fi yi shi ne ya koma kasuwa ya sayo wani hannun. Galibi asarar kuɗi ce, domin hannu ba shi ke kora ruwa ba. Aikinsa kawai ya ja wani abu a cikin tanki. Idan matsala ta ɓullo bayan an sauya kaya, mafi yawan lokuta laifin yana wuri ɗaya cikin uku: ko mahaɗin da ke tsakanin hannu da sabon kayan bai daidaita ba, ko ruwa bai kai inda ya kamata ya kai a tanki ba, ko kuma kayan da aka sayo ba irin na wannan tankin ba ne.

Me ya sa abin ya wuce ƙaramar matsala?

Masai na ruwa ba kowane gida ke da shi ba a wannan yanki. Ƙidayar jama'a da gidaje ta Ghana ta 2021 ta nuna cewa fiye da rabin gidajen yankunan Savannah da Arewa da Upper East, inda garuruwan nan uku suke, ba su da masai ko kaɗan. Wanda ya kashe kuɗi ya gina nasa, ya yi ne don rufin asirin iyalinsa, musamman mata da tsofaffi da marasa lafiya. Ranar da masan ya tsaya, ko dai a koma ɗaukar bokiti, ko a koma layin gidan wanka da bahaya na unguwa.

Sai kuma batun ruwa. Yendi ta dogara ne da kogin Daka, wanda kan ja baya sosai da rani, kuma ƙarancin ruwan garin ne ya sa a 2019 aka ƙulla yarjejeniyar bashin dala miliyan 30 da bankin Exim na Indiya don gyara da faɗaɗa hanyar samar da ruwan sha. Salaga, wadda ta yi suna da ɗimbin tsofaffin rijiyoyi tun zamanin fataucin goron Gwanja, har yau gidaje da dama da rijiya suke cike giɓin famfo. A Bawku kuwa rijiyoyin burtsatse ne ginshiƙi. A duk garuruwan uku, gida mai masai na ruwa yakan ajiye babban tankin roba, irin wanda ake kira Polytank, a cika shi ranar da famfo ya kawo ko a sayi ruwan tanka.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan masai yana yoyon rubu'in lita a minti ɗaya, wanda ɗan siririn zirin ruwa ne da ido ba ya cika lura da shi, a awa ɗaya lita 15 ke nan, a yini da kwana lita 360. Wannan ya haura jarka 14 ta lita 25, irin jarkar nan ruwan ɗorawa da mutanen Ghana ke kira galan ɗin Kufuor. Tanki mai cin lita 1,000 ba zai cika kwana uku ba. Ruwan kuma ba ɓacewa yake yi ba, ramin masai yake tafiya ya cika shi kafin lokaci.

Tanki iri uku ne, ba iri ɗaya ba

Kafin a taɓa komai, sai an san irin tankin da ake da shi. Kowane tanki yana da ɓangare biyu: bawul ɗin shigar ruwa, mai ƙwallo ko kofin roba da ke tasowa da ruwa ya rufe famfo idan tanki ya cika, da kuma na'urar fitar da ruwa zuwa kwanon masai. A na'urar fitar da ruwan ne aka rabu gida uku.

Na farko shi ne saifon, salon Ingila, wanda Ghana da Najeriya suka gada. Wata roba ce mai kama da ƙararrawa a kife, da bututu lanƙwasasshe a samanta. A cikin ƙararrawar akwai wani faifan leda. Idan aka danna hannu, faifan zai ɗago ruwa ya tura shi ya tsallake lanƙwasar, daga nan ruwan da ya gangara ya riƙa jawo na bayansa har sai iska ta shiga. Shekaru da dama dokar Ingila saifon kaɗai ta amince da shi, saboda ba ya yoyo, sai a 2001 aka ba da izinin amfani da bawul.

Na biyu salon Amurka ne: marfin roba da ke toshe rami a ƙasan tanki, an ɗaure shi da sarƙa zuwa sandar hannu. A danna hannu, sarƙa ta ɗaga marfi, ruwa ya zuba, marfi ya koma ya rufe.

Na uku shi ne mai madanni a kan murfin tanki, sau da yawa madanni biyu, babba da ƙarami. Kamfanin Caroma na Ostireliya ne ya fito da tsarin madanni biyu a 1980, kuma yawancin sababbin masai da ake shigowa da su daga China da Turai irinsa ne. A Togo da Burkina Faso da Nijar akwai ɗan'uwansa na salon Faransa, mai ɗan ƙulli da ake ja sama.

Kayan ɗaya ba ya zama a madadin na ɗaya sai an sauya tsarin gaba ɗaya. Mai shago zai iya cewa kayansa “na kowane tanki ne”, amma tsayin tanki da faɗin raminsa da gefen da hannu yake su ne ke yanke hukunci.

Gwajin farko: a cire murfi, a ja da hannu

Mutane da yawa suna ƙyamar sa hannu a tanki. Ruwan ciki kuwa ruwan famfo ne da bai taɓa najasa ba, daidai yake da wanda ake zubawa a buta. A ɗaga murfin a hankali a kwantar da shi a ƙasa kan tsumma, saboda murfin tangaran in ya fashe da wuya a samu irinsa shi kaɗai. Idan tankin mai madanni ne, a fara kwance zoben madannin, domin a wasu tankunan shi ne ke riƙe da murfi.

Daga nan a duba abu biyu. Na ɗaya, ina ruwa ya tsaya? Yawancin tankuna suna da layi a bangon ciki. Idan babu, ƙa'idar ita ce ruwa ya tsaya kamar santimita biyu da rabi ƙasa da bakin bututun da ke kwashe rarar ruwa. Na biyu, a rabu da hannun waje, a kama sarƙa ko ƙarfen saifon ko kan bawul a ja sama da yatsu.

Wannan gwajin shi ke raba gardama. Idan ruwa ya kora da kyau, na'urar lafiyarta ƙalau, laifin yana tsakanin hannu da mahaɗi. Idan ko da yatsu bai kora ba, hannu ba shi da laifi ko kaɗan, sai a koma kan na'urar ko yawan ruwa.

Idan hannu lilo yake yi

Hannun da ke juyawa ba tare da jin nauyin komai ba, alama ce ta cewa wani abu ya kuɓuce. A tankin saifon, hannun yana da sanda mai kusurwa huɗu da ta ratsa bangon tanki. A kan sandar ake zura wata ƴar liba ta roba ko ta tagulla, a ɗaure ta da sukuru, ita kuma libar ta riƙe ƙugiyar ƙarfe da ke jan saifon. Wuri uku ke kuɓucewa: sukurun bai ɗauru ba, ko ramin libar ya cinye ya zama zagayayye har sanda na juyawa a cikinsa, ko ƙugiya ta fita. Libar roba mai araha takan tsage daidai wurin sukuru idan aka matse ta da ƙarfi, kuma tsagar ba ta cika fitowa fili ba sai an danna hannu ana kallo.

A tankin marfi da sarƙa, a duba ko maƙalin sarƙar ya fita daga ramin sanda, ko kuma sarƙar ta yi tsawo har hannu ya kai ƙarshensa ba ta miƙe ba. Sabon marfi yakan zo da sarƙa mai tsawo da gangan, don mai ɗaurawa ya rage. Daidai shi ne, idan marfi yana rufe, sarƙar ta yi ɗan sako-sako na kimanin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A maƙala ta a ramin sandar da ke saitin marfin daga sama, don jan ya zama a miƙe, sannan a yanke rarar ko a naɗe ta.

Akwai kuma notin da ke riƙe hannu a bangon tanki daga ciki. Nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna. A yawancin hannayen salon Amurka, haƙoran notin a juye suke: inda aka saba murɗawa a kwance, nan ne yake ɗaurewa. An yi haka ne don kada danna hannu ya riƙa kwance shi. Wanda bai sani ba yakan sa filaya ya murɗa da ƙarfi har haƙoran robar su cinye. Idan noti ya ƙi motsi, a gwada ɗaya gefen a hankali kafin a ƙara ƙarfi. Wajen ɗaurewa kuma, ƙarfin yatsu da ɗan ƙari kaɗan ya isa. Matsewa fiye da kima tana sa hannu ya yi tauri, tana kuma iya tsaga tangaran.

Idan sai an yi ta bugawa kafin ya kora

Wannan ciwon saifon ne. A tsohon tanki, dalilin kusan kullum shi ne faifan ledar ya yage. Amma idan saifon ɗin sabo ne, sai a duba abubuwa huɗu.

Na farko, yawan ruwa. Hausawa na cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma haka saifon yake: in ruwan tanki bai kai layi ba, abin da faifai zai ɗago ba zai isa ya tsallake lanƙwasa ba. Sau da yawa an sauya bawul ɗin shigar ruwa tare da saifon, sabon kuma ya zo a saite ƙasa. A ɗaga ƙwallon ta hanyar sukurun saiti, ko a ɗan lanƙwasa sandar sama idan ta tagulla ce.

Na biyu, tsayin saifon. Ana ƙera shi tsayi daban-daban, daga inci bakwai da rabi zuwa tara da rabi ko fiye. Idan aka sa dogo a gajeren tanki, lanƙwasarsa za ta yi wa ruwa nisa, wani lokacin ma murfi ya ƙi zama. Babu saitin da zai gyara wannan, sai a mayar a karɓo daidai da tsohon.

Na uku, tsawon jan. Ƙarfen saifon yana bukatar a ɗaga shi har ƙarshe, a miƙe, da sauri. Idan ƙugiya ta yi tsawo, hannu zai ƙare tafiyarsa faifai bai kai sama ba. Idan an sa ta a ramin liba na kusa da sanda, jan zai yi gajarta, sai a matsar da ita ramin da ke can baki. Idan kuma an ɗaura saifon ƙararrawarsa tana fuskantar gefen da babu hannu, ƙarfen zai riƙa jan karkace yana gogar jikin roba. A sassauta babban notin ƙasa, a juya shi ya zo ƙarƙashin libar.

Na huɗu, matosai. Wasu sababbin saifon suna da ƙananan matosai a jikin ƙararrawa waɗanda ke ƙayyade yawan ruwan da zai fita. Idan ɗaya ya faɗi wajen ɗaurawa, iska za ta shiga da wuri, korar ta yanke a tsakiya.

Yana da kyau a koya wa yara da baƙi cewa hannun saifon ba a lallaɓa shi. Dannawa ɗaya ake yi mai kauri. Bugun da ake yi masa a jere shi ke yaga faifai. Idan kuma faifan ne ya yage kuma babu sabo a kusa, masu gyara sukan ɗora tsohon a kan leda mai kauri su yanko irinsa, ya yi aiki har a samu na asali.

Idan hannu ya maƙale, ko ruwa ya ƙi tsayawa

Wannan shi ne mai cinye ruwa. Abu na farko, a rufe ɗan famfon da ke shigar da ruwa tanki, a riƙa kora da bokiti har a gyara. Lita shida zuwa tara da aka sheƙa lokaci guda a kwanon masai ta wadatar.

Sannan a danna hannu murfi yana buɗe, a ga ko yana dawowa. Idan yana dawowa murfi a buɗe amma ya maƙale in an rufe, to sandar ciki ce ke dukan murfin, sai a rage sarƙa kaɗan a sauko da sandar. Idan sandar tana karo da ƙwallo ko jikin sabon bawul, a sassauta notin bawul ɗin a ɗan juya shi gefe. Sababbin bawul masu kofi sun fi tsofaffi kauri, kuma a ƙaramin tanki wuri yakan yi kaɗan. Haka nan hannun da aka ƙera don gaban tanki ba ya zama daidai a tankin da raminsa yake gefe, domin lanƙwasar sandarsu ba ɗaya ba ce.

Idan hannu yana dawowa amma ruwa na zuba, a duba sarƙa. Gajeriya tana hana marfi zama. Doguwa tana shiga ƙarƙashinsa ta tokare shi. A shafa bakin ramin da yatsa: ƙwayar yashi ɗaya ko ɓarɓashin tsohuwar roba ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. A kuma tabbatar girman marfin daidai ne, domin akwai na ramin inci biyu, akwai na inci uku.

Akwai wani ɗan siririn tiyo da ke fitowa daga bawul ɗin shigar ruwa zuwa bututun rarar ruwa a tankunan salon Amurka. Wurinsa bakin bututun, a maƙale daga sama. Idan aka cusa shi can ciki har ya wuce saitin ruwan tanki, zai riƙa tsotse ruwan a ɓoye, a yi ta jin tanki yana cika kansa cikin dare babu wanda ya shiga.

Wani ƙorafin kuma shi ne sai an riƙe hannu ƙasa kafin ruwa ya gama fita. Ko dai sarƙa ta yi sako-sako da yawa, marfi bai ɗagu sosai ba, ko kuma marfin na tanki mai tsimin ruwa ne. Dokar Amurka ta 1992 ta ƙayyade kora ɗaya a kan kimanin lita shida, kuma marafan da aka ƙera bayanta suna saurin rufewa. Idan aka sa irinsu a tsohon masai da aka tsara wa lita 13, ruwan ba zai ishe shi ba. Wasu marafan suna da ɗan abin juyawa mai lambobi da ke jinkirta rufewa, sai a ƙara shi.

Tanki mai madanni

A nan sanduna biyu na roba da ke ƙarƙashin madanni su ne mahaɗi. Sukan zo da tsawo, a yanke su ko a murɗa su daidai da zurfin tanki. Idan sun yi tsawo, da zarar an ɗora murfi za su danne bawul, ruwa ya yi ta zuba. Alamarsa ita ce yoyon yana tsayawa da an ɗaga murfi. Idan sun yi gajarta, madanni zai nutse babu abin da ya faru. Daidai shi ne su kusa taɓa kan bawul, da ɗan rata na milimita biyu ko uku. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, domin abin da aka yanke ba ya dawowa.

A kuma lura da fuskar bawul. Babban madanni dole ya sauka kan babbar kora, ƙarami kan ƙarama. Idan an ɗaura bawul a juye, ko dai su yi musaya, ko sandunan su faɗa tsakani. Yawancin irin waɗannan bawul ana murɗa su kaɗan su fita daga gindinsu ba sai an kwance tanki ba, kuma ta nan ake kaiwa ga washar ƙasa idan tana bukatar wanki. Waɗanda ke aiki da waya kamar ta birkin keke kuwa, abin dubawa shi ne kada wayar ta lanƙwashe ko murfi ya danne ta.

Idan tankin ne ba ya cika

Sau da yawa a kan ɗora wa hannu laifin da na ruwa ne. Ƙarfin ruwan da ke saukowa daga babban tankin gida ya danganta da tsayinsa: kowace mita 10 tana ba da ma'aunin bar ɗaya. Tankin da aka ɗora mita uku sama da masai bai kai sulusin bar ba. Sababbin bawul da yawa an ƙera su ne don ruwan famfon birni mai ƙarfi, shi ya sa a irin wannan gida sai su riƙa ɗiga, tanki ya ɗauki rabin awa bai cika ba, mai shiga na biyu ya danna hannu ya ji wayam.

Maganin yana cikin kwalin. Wasu bawul suna da ƴar roba mai rage gudun ruwa a cikin wutsiyarsu, wadda ake zarewa idan ruwan gida ba shi da ƙarfi. Tsohon bawul mai ƙwallo na salon Ingila kuma yana da baki iri biyu: fari mai ƙaramin rami na ruwa mai ƙarfi, da ja mai faɗin rami na ruwan tankin sama. Gidan da ke amfani da Polytank ja ne nasa.

Sai yashi. Inda famfo ke zuwa yana ɗaukewa, ruwan farko yakan zo da laka da tsatsa. Aikin gyaran kansa ma yana tayar da dattin da ya kwanta a bututu. Kafin a haɗa sabon bawul, a saki ruwa a bokiti har ya yi fari. Idan an riga an haɗa, a rufe ruwa, a zare ƴar matatar da ke wutsiyar bawul a wanke. Inda ruwan burtsatse ke barin farin ɓawo mai kama da alli a jikin kaya, a jiƙa su a binega ko ruwan lemun tsami na ƴan awoyi. Wannan ɓawon yana kama sandar hannu ma ya sa ta yi tauri. Bayan an goge, ɗan man silikon ya fi dacewa, domin baƙin mai da gas suna lalata roba.

Kayan da suka tsallako iyaka

Bawku tana dab da iyakar Togo da Burkina Faso, kuma kasuwar Sinkase ba ta da nisa. Yendi ma ba ta rasa kayan da suka biyo ta Togo, Salaga kuma daga Tamale da Kumasi take samun nata. Saboda haka a shago ɗaya ana iya tarar da kayan salon Ingila da na Faransa da na China a jere, kuma a ido duk kamarsu ɗaya.

Bambancin yana wurin haƙora. Bawul ɗin shigar ruwa na Faransa, wanda masu shago a Lome da Wagadugu da Yamai ke kira robinet flotteur, wutsiyarsa kashi uku cikin takwas na inci ce, ana rubuta 12/17 a kwalinsa. Na salon Ingila rabin inci ne, wato 15/21 a lissafin Faransa. Na Amurka kuma kashi bakwai cikin takwas. Naɗa farin tef komai yawansa ba zai sa su haɗu ba, sai da ƴar mahaɗar da ke rage ko ƙara girma. Haka kuma wani bawul ta gefen tanki yake shiga, wani ta ƙasa. Ramin fitar ruwa akwai na inci ɗaya da rabi, akwai na inci biyu. Ramin madanni a murfi shi ma akwai milimita 38 da 48 da 58.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi kasuwa da tsohon kayan a leda, a ɗauki hoton cikin tanki da waya kafin a kwance komai, a auna zurfin tankin daga ƙasa zuwa baki. Mai saye a ɓangaren masu Faransanci zai tambayi mécanisme de chasse idan na'urar fitar ruwa yake so, joint kuma idan washa ce. A kuma yi sharaɗi da mai shago tun farko cewa in bai zauna ba za a dawo da shi. Araha ba ta ado: liba da ƙugiya na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi na roba tsada kaɗan, amma su ne ke jure hannun gida mai mutum ashirin.

Gwajin zoɓo

Bayan an gama gyara, a mayar da murfi a kora sau uku, ana jira tanki ya cika tsakanin kowace kora. Sannan a yi gwajin yoyo. A zuba rabin kofi na ruwan zoɓo mai kauri, wanda ake kira sobolo a Ghana, bisap a ƙasashen Faransanci, ko ɗan bular wanki, a cikin tanki. Kada kowa ya taɓa hannu na minti 20 zuwa 30. Idan launi ya bayyana a kwanon masai, marfi ko washa ba su zauna ba. Idan ruwan kwano ya tsaya fari, aiki ya yi. A kora launin nan take don kada ya rina tangaran.

Wata hanyar ita ce a rufe famfon shiga da dare, a yi alama da fensir a saitin ruwa, a duba da asuba. Gida mai mita kuma zai iya rufe duk famfunansa ya ga ko allurar mitar tana motsi.

Yaushe ne za a kira mai gyara?

Saita sarƙa da ƙugiya da ƙwallo da sandunan madanni aiki ne da mai gida ko uwargida za su iya da sukundireba da filaya. Amma idan ruwa yana fita ta tsakanin tanki da kwano lokacin kora, to babbar washar tsakani ce ba ta zauna ba, kuma gyaranta sai an sauke tanki an ɗaure kusoshinsa biyu bi da bi, kaɗan-kaɗan, don kada tangaran ya tsage. Haka idan an ga tsaga a jikin tanki, ko kusoshin sun yi tsatsa sun ƙi kwantuwa. Idan kuma tanki yana sakin ruwa da ƙarfi amma kwano yana cika yana jinkirin sauka, matsalar ta bar tanki, toshewa ce a bututu ko ramin ya cika.

Wanda zai kira mai gyara, ya nemi a yi gwajin jan yatsu a gabansa kafin a rubuta masa kayan saye, ya kuma karɓi tsofaffin kayan da aka cire ya ajiye, domin su ne ma'aunin da zai kai kasuwa gaba. Mai haya ya sanar da mai gida tun ranar da ya ji ƙarar ruwa cikin dare, tun kafin rigimar wa zai biya kuɗin tanka ta taso tsakanin maƙwabta.